Yadda Oksijin Ke Lalata Maiƙon Tantanin Ƙwayar Halitta: Misali Daga Jinin Mai Sikila



Kowace ƙwayar halitta a jikinmu tana lulluɓe ne da tantani na maiƙo mai ninki biyu, furotin na yawo a cikinsa, kamar yadda Singer da Nicolson suka bayyana a 1972. Shi ke tantance abin da zai shiga da abin da zai fita. Laushinsa ya dogara ne a kan irin maiƙon da ke da ɗauri biyu-biyu a wurare da dama tsakanin kabon da kabon, kuma a nan rauninsa yake.

Ɓarnar na farawa ne idan wani radikal, wato sinadari mai elektiron guda da ba shi da abokin zama, ya fizge haidirojin daga jikin maiƙon. Shi ma maiƙon sai ya zama radikal, ya kama oksijin, ya juya kan maƙwabcinsa ya fizge nasa. Haka za a yi ta tafiya har sai bitamin E, wanda ke zaune cikin tantanin, ya tare hanya. Abin da ke sa man gyaɗan da ya daɗe ya yi wari yana maƙaƙi ke nan. A jiki kuwa, tantani ya yi tauri, ya fara yoyo, kalsiyom ya kutsa ciki. Ɓurɓushin da ke fita, irin su MDA da 4-HNE da Hermann Esterbauer ya yi ta nazari a Graz ta Ostiriya, suna maƙale wa furotin su hana shi aiki. Idan sinadarin ƙarfe ya yi yawa kuma enzayim ɗin GPX4 mai kare maiƙon ya gaza, ƙwayar mutuwa take yi. A 2012 ɗakin binciken Brent Stockwell a Jami'ar Columbia ya raɗa wa wannan mutuwa suna ferotosis.

Mu a Najeriya, inda aka fi ko'ina haihuwar masu sikila, wannan magana tamu ce. Himoglobin ɗin mai sikila ba shi da ƙwari. Yana lalacewa ya zubar da ƙarfensa a jikin tantanin jar ƙwayar jini ta ciki, daidai inda maiƙon yake. Tantanin ya ƙage, maiƙon da ya kamata ya tsaya ciki ya leƙo waje, ƙwayar ta riƙa mannewa a bangon jijiya. Wannan na cikin dalilan da ke sa ta mutu cikin kwana 10 zuwa 20, alhali lafiyayya kan kai 120.

Kada dai a ce maganin shi ne shan ƙwayoyin bitamin barkatai. Gwajin SELECT a Amurka ya nuna a 2011 cewa mazan da aka ba bitamin E sun fi kamuwa da sankarar mafitsara ta firosteti, da kashi 17 cikin 100.

Damuwata ita ce awon wannan ɓarna. Yawancin bincikenmu a kan TBARS, gwajin launi na neman MDA, yake tsayawa, don araha gare shi, amma ba MDA kaɗai ke ba da launin da ake karantawa ba. Awon ɓurɓushin maiƙo na F2-isoprostane, wanda Morrow da Roberts suka gabatar a 1990, ya fi shi inganci nesa ba kusa ba. Ina kira ga jami'o'inmu da asibitocin koyarwa su haɗa hannu su samar da na'urar wannan awo, ko da guda ce a kowace shiyya.