Matse Sauti da Hoto: Darasi daga Birnin Landan

A watan Satumba na shekarar 1995 gidan rediyon BBC da ke birnin Landan ya fara watsa shirye-shiryensa ta wata sabuwar hanya da ake kira DAB, watau rediyon da ke juya sauti ya koma lambobi kafin a aika da shi. An yi wa jama'a albishir cewa murya za ta fito tangaram kamar ta faifan CD. Amma ba a yi shekaru da yawa ba sai ga masu kunnen kiɗa suna gunaguni, wai tsohuwar hanyar FM ta fi daɗin ji. Shin me ya kawo haka?

Rubutu da sauti da hoto da majigi, a wurin kwamfuta duk lambobi ne, sai dai nauyinsu ya bambanta ƙwarai. Rubutun littafi guda bai kai nauyin waƙar minti biyar ba, waƙa kuwa ba ta kama ƙafar majigi ba. Faifan CD yana fitar da ƙwayoyin lamba, waɗanda masana ke kira bit, kimanin 1,411,000 a kowace daƙiƙa. Sararin da hukuma ke ba gidan rediyo a iska kuwa ƙayyadadde ne, saboda haka tilas a matse.

Matsewa iri biyu ce. Ta farko kamar ɗaure auduga ce a dila: in an kwance, ba abin da ya ragu. Ita ake yi wa rubutu da lissafin kuɗi, inda harafi ɗaya in ya ɓata ma'ana ta rushe. Ta biyu kamar yin kilishi ce: nama ya yi sauƙin ɗauka, yana da daɗi, amma ruwan da ya fita ya fita ke nan. Ita ake yi wa sauti da hoto.

Dabarar ta dogara ne a kan raunin kunnen ɗan Adam. In ana buga tambari, ba mai jin takun yaron da ke wucewa kusa, don haka na'ura sai ta zubar da takun, tun da ba a jin sa. Haka ido: talabijin na Ingila yana nuna hotuna 25 a daƙiƙa, na'ura kuwa ba ta maimaita bangon da bai motsa ba, sai abin da ya sake wuri. Shi ya sa mai karanta labarai ke fitowa fes, amma in an haska ciyawar filin Wembley ana ruwan sama, sai hoton ya dagule ya koma 'yan murabba'ai.

To, a nan ne Landan ta fuskanci zaɓi. Da aka so buɗe sababbin tashoshi a shekarar 2002, sararin bai ƙaru ba, sai aka rage rabon tsofaffin. Yawancinsu suka koma bit 128,000 a daƙiƙa, watau wajen kashi ɗaya cikin goma sha ɗaya na faifan CD, aka bar wa Radio 3, tashar kiɗan gargajiyar Turai, 192,000. Ga mai jin labarai a mota, lalle bambancin bai taka kara ya karya ba. Ga mai sauraron goge a ɗaki shiru kuwa, asarar a fili take, kuma gunaguninsa yana bisa hanya, domin an sayar masa da akwatin ne da sunan kyawun sauti.

Daga baya an ƙirƙiro DAB+, wadda ta fi iya matsewa, wasu tashoshin Ingila suka kama ta a 2016, amma akwatunan farko da yawa ba sa kama ta. Shi kuwa Babban Ɗakin Karatu na Biritaniya da ke unguwar St Pancras, mai ajiye da sautuka fiye da miliyan shida, in zai kwafe tsohon faifai ko kaset yakan adana uwar kwafin ba tare da an zubar da kome ba, 'ya'yanta kaɗai ake matse wa masu saurare ta intanet.