Cutar Noma da Ilimin Nazarin Jiki a Dunƙule

Iyayen ƙasa, malaman asibiti, malamai da ɗalibai na Dingyadi, da baƙinmu daga Bodinga da Shagari, barkanku da zuwa.

Tun 1882 da Robert Koch ya gano ƙwayar tarin fuka, likitanci ke bin tambaya guda: wace ƙwaya ce ta kawo ciwon nan? A gano ta, a nemo makarinta. Tambayar ta yi mana rana ƙwarai. Amma akwai ciwon da ya gagare ta, kuma a ƙofar gidanmu yake, wato noma, mai zaizaye bakin yara.

Wasunku sun gani da idonsu. Yaro ɗan shekara uku, bai daɗe da tashi daga ƙyanda ba, dasashinsa na jini, baki na wari, yawu na zuba, ya ƙi ko kunu. Kafin a ankara kunci ya kumbura, fata ta yi baƙi, cikin mako biyu ta ɓurme har haƙora su bayyana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce in ba a yi magani ba, kusan tara cikin goma ba sa kai labari.

An yi farautar ƙwayarsa. A shekarun 1990, Farfesa Cyril Enwonwu da abokan aikinsa sun bincika bakin yaran Sakkwato, suka zargi wata mai suna Fusobacterium necrophorum. Daga baya masana daga Janeba suka yi nazarin yaran Damagaram, sakamakon ya fito a 2013, kuma bai ɗora laifin a kan ƙwaya guda ba. Abin da suka tarar shi ne daidaiton ƙwayoyin da dama ke zaune a baki ya wargaje, ga tamowa, ga zawo ko ciwon ƙirji da yaron ya yi kwanan baya.

Manomi ba zai yi mamakin wannan ba. Ya san irin ƙuduji na kwance a gonaki da yawa, amma inda ƙasa ta gaji yake cin ƙarfin gero.

A nan sabon ilimin nazarin jiki a dunƙule ya shigo. Bayan kammala karanta kundin ƙwayoyin gadon ɗan Adam a 2003, ya zama ana iya auna dubban abubuwa daga ɗigon jini da yawu: ƙwayoyin gado, sinadaran garkuwar jiki, ƙarancin abinci mai gina jiki, da ire-iren ƙwayoyin baki. Sai kwamfuta ta lissafa yadda wannan ke taɓa wancan. Leroy Hood, wanda ya kafa cibiyar wannan fanni a Amurka a 2000, burinsa likita ya hango ciwo tun bai kwantar da mutum ba.

Yara masu ciwon dasashi suna da yawa a ƙauyukanmu, kaɗan ne nasu ke rikiɗewa noma. Da za mu san wanne ne tun da wuri, da maganin kashe ƙwayoyin cuta, da wanke baki, da abinci mai kyau sun wadatar, ba sai an kai ga tiyatar gyaran fuska ba.

Ina da damuwa guda. Lissafin nan ba ya yiwuwa da bayanan yaran Turai, kuma ba ya yiwuwa da na waɗanda suka riga suka isa Asibitin Noma na Sakkwato kaɗai, asibitin da aka buɗe a 1999. Dole a bi yara masu lafiya a gari irin Dingyadi, tun daga yaye, rani da damina, da yardar iyayensu.

A Disamba 2023 aka sa noma cikin jerin cututtukan da duniya ta yi wa riƙon sakainar kashi, kuma Najeriya ce ta jagoranci neman hakan. Roƙona ga malaman Jami'ar Usmanu Danfodiyo shi ne su nemi kuɗin binciken da wannan mataki zai iya jawowa, a auna jini da yawun a Sakkwato, a kuma dawo nan a faɗa wa iyaye abin da aka gano. Ku kuma malaman asibiti, duk yaron da aka kawo muku da ƙyanda ko tamowa, ku buɗe bakinsa ku duba dasashi kafin ku sallame shi.