Ɗakin Karatun Yara Ƙanana: Mu Gyara Shi Daidai Da Su

 

Yau muna so mu yi magana a kan ɗakin da 'ya'yanmu 'yan shekara 3 zuwa 5 suke karatu a ciki. Ikklisiyoyi da yawa sun buɗe ajin naziri, kuma mun yaba da wannan ƙoƙari. Amma a zagayen da muke yi mun ga abin da ya dame mu. A wani ƙauye mun tarar da yara a cikin majami'a, an jera su a kan bencin manya, ƙafafunsu suna lilo. Allo yana can sama, tagogi a rufe, rufin kwano yana zubo zafi. Malama ta ce mana yaran ba sa jin magana, sai barci da kuka. Wasu iyaye har sun janye 'ya'yansu, wai ba su da ƙwaƙwalwa. 'Yan'uwa, laifin ɗakin ne. Yaron da ya tsani makaranta tun yana shekara 4, da wuya a shawo kansa daga baya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Wannan magana ta daɗe. A shekarar 1907 wata likita mai suna Maria Montessori ta buɗe makarantar yara ƙanana a wata unguwar talakawa a birnin Rum, ƙasar Italiya. Ta sa aka yi kujeru da tebura ƙanana waɗanda yaro zai iya ɗauka da kansa, ta ajiye kayan aiki inda hannunsa zai kai. A shekarar 2015 kuma masu bincike na Jami'ar Salford a Ingila sun ba da rahoto a kan azuzuwa 153 a makarantun firamare 27. Sun gano cewa haske, da iska mai kyau, da yanayin zafi ko sanyi na ɗaki suna da tasiri a kan ci gaban karatun yara. Abin da muke bukata a nan yawancinsa yana cikin ƙauyukanmu. Ga abubuwa biyar.

Na farko, haske da iska. A buɗe tagogi a ɓangarori biyu masu fuskantar juna domin iska ta ratsa. A shafe bango da farar ƙasa, ɗaki zai ƙara haske. Idan za a sayi fenti a tambaya a tabbatar ba shi da dalma, domin dalma tana lalata ƙwaƙwalwar yara, kuma yaro yana sa komai a baki. A ƙarƙashin rufin kwano a shimfiɗa zana ko asabari don rage zafi da ƙarar ruwan sama. Kada a cusa yara da yawa a ɗaki ɗaya. Ku tuna cewa sanƙarau da ƙyanda suna saurin yaɗuwa inda ake cunkoso, musamman da rani. Tsarin ilimi na ƙasa na shekarar 2004 ya ce malami ɗaya ya riƙe yara 25 a ajin naziri. Idan sun fi haka a raba su, wasu su koma rumfa ko gindin bishiya tare da mai taimako.

Na biyu, wurin zama. Bencin majami'a an yi shi don manya. Kujerar ƙaramin yaro tsayinta inci 10 zuwa 12 ne daga ƙasa, yadda tafin ƙafarsa zai taka ƙasa sosai. A gaya wa kafinta ya goge bakin katako, kada ya bar ƙusa a waje. Idan babu kuɗin kujeru, tabarma mai tsabta ta fi dogon benci. A daɓe ƙasa ko a yi siminti, a toshe ramuka saboda kunama da ƙura.

Na uku, bango da allo. Malami ya durƙusa a tsakiyar ɗaki ya duba, abin da ya gani shi ne abin da yaro yake gani. Yaro ɗan shekara 4 tsayinsa kamar mita ɗaya ne, saboda haka hotuna da haruffa su sauko daidai idonsa. A shafa baƙin fentin allo a ƙasan bango ɗaya, yara su riƙa zane da alli a tsaye. Amma kada a cika bango da takardu. A shekarar 2014 masu bincike na Jami'ar Carnegie Mellon a Amurka sun gwada yara a ɗaki mai ado da yawa da kuma ɗaki marar ado, suka ga hankalin yaran ya fi rabuwa a ɗakin mai ado, abin da suka koya kuma ya ragu. A manna kaɗan, a riƙa canzawa. Hoton akuya, da ƙwarya, da dawa, da zanen da yaran suka yi da hannunsu ya fi tsohuwar kalanda amfani.

Na huɗu, a raba ɗaki kusurwa kusurwa. Kusurwa ɗaya ta tatsuniya da labaran Littafi Mai Tsarki, da tabarma da 'yan littattafan hotuna. Ɗaya ta ƙirga, da marafan kwalba, da totuwar masara, da ƙodagon goruba. Ɗaya ta gini da ƙira, da yumɓu da kara. Ɗaya kuma ta wasan gida da kasuwa, da ƙananan ƙore da ludayi da mudu. A zuba yashi a faranti, yaro ya rubuta harafi da yatsa ya share ya sake. Kowane kaya ya kasance da kwandonsa a ƙasa, yara su koyi ɗauka da mayarwa. A kiyaye ƙananan abubuwa kamar wake da tsakuwa, domin yara suna haɗiyewa ko su cusa a hanci. A bar tsakiyar ɗaki fili don waƙa da rawa, a kuma bar hanya mai faɗi saboda yaro mai sanda ko keken guragu. Wanda ba ya ji ko gani sosai ya zauna kusa da malama.

Na biyar, ruwa da tsabta. A bakin ƙofa a rataye jarka da sabulu don wanke hannu kafin cin abinci da bayan an fito daga masai. Randar ruwan sha ta kasance da murfi da moɗa mai mariƙi. Ramin masai na yara ya zama ƙarami. Maganin feshi da takin zamani kada a ajiye su a ɗakin yara ko na dare ɗaya, ko da babu wani wurin ajiya a harabar majami'a.

Mun san wasu za su ce ɗakin na sujada ne ran Lahadi. Gaskiya ne. Sai a sami akwati ko kwanduna, a kwashe kayan yara ran Jumma'a, a tura bencina gefe ran Litinin da safe. Matasa huɗu za su gama wannan kafin a buga ƙararrawa.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Muna roƙon dattawa su sa wannan magana a zamansu na gaba, su ware wani abu daga baikon godiyar kaka. Zumuntar Mata su kawo tabarmi da ƙore. Matasa su yi daɓe da shafe. Kafintoci su ba da yini ɗaya. Mu kuma za mu zo mu zauna da malamai mu tsara ɗakin tare, idan ikklisiya ta aiko ta hannun Fasto.

A cikin Markus sura 10 mun karanta yadda almajirai suka so su hana a kawo yara, Ubangiji kuwa bai ji daɗi ba, ya rungume su ya sa musu albarka. Ɗaki mai duhu da benci mai tsawo shi ma yana korar yara, ko da ba mu yi nufin haka ba. Kafin a koma makaranta, kowace ikklisiya ta shiga ɗakin yaranta, ta durƙusa ta duba, ta fara da abu ɗaya.

Ubangiji ya ba mu hikima da ƙarfin yi.