Jawabin Magatakarda: Wa Zai Biya Kayan Da Ke Kan Mota?

Yau zan ambaci Alhaji Mohammed Kari na Najeriya. Ya shugabanci kamfanin inshora na NICON, sannan ya riƙe hukumar inshora ta ƙasa, NAICOM, daga 2015 zuwa 2019. A zamaninsa, a 2016, aka ba Noor Takaful lasisi, wato inshorar taimakon juna da babu kuɗin ruwa cikinta. To, mu fa? Brown Card na ECOWAS da direbobinmu ke nunawa a Paga, wanda mota ta yi wa ɓarna yake biya. Buhunan albasarmu ba sa ciki, sai mun yi musu tasu inshorar. Mu zauna kan wannan kafin tafiya ta gaba. Allah Ya tsare hanya.