Gansakuka da Kainuwa a Bakin Tafkin Kainji

Masunta a Yauri, Ngaski da Shanga sun san ruwan da ya yi kore shar. Gansakuka ce, kuma takin zamanin da ruwan sama ke wankowa daga gonakin shinkafa da albasa shi ne abincinta. Idan ta mutu ta ruɓe, sai ta shanye iskar da kifi ke shaƙa, a wayi gari karfasa na yawo a sama ciki a waje.

A Sin da Japan, masana sun gwada tatso sinadarai daga ciyawar teku, suka ga suna hana gansakuka yaɗuwa. Galibin aikin dai a ɗakin gwaji yake, ga shi ciyawar ba ta fitowa a ruwan daɗi irin na Kainji.

Amma tafkin, wanda ya samu bayan an datse kogin a 1968, ya taɓa yin irin wannan yaƙi. Da kainuwa ta gangaro daga Nijar tana toshe hanyar jiragen ruwa, an gitta mata shinge a Zamare, jama'a suka riƙa tsamo ta da hannu. Ya kamata cibiyar binciken kifi ta New Bussa ta gwada tsirran gida a kan gansakuka, manoma kuma su rage zuba taki daf da gaɓa.