Jawabi Kan Hakkin Naƙasassu A Shafunan Gwamnati Na Intanet

Jama'ar Arewa mazauna Fatakwal da Anaca da Inugu,

Duk wanda ya saba shiga Kasuwar Creek Road ya san yadda harka ta sake. Cikin 2014 Babban Bankin Nijeriya ya fito da lambar BVN. Cikin Disamba 2020 kuwa Gwamnatin Tarayya ta ba da umurni a haɗa kowane layin waya da lambar ɗan ƙasa, watau NIN. Sa'an nan ƙarancin takardun Naira na farkon 2023 ya tilasta wa mai kifi da mai albasa karɓar kuɗi ta waya. Ƙofar ofis da ta banki duk sun koma cikin waya ke nan.

Mai ido ma ya sha wuya, balle makaho. Gaskiya ne wayoyin zamani suna da manhajar da ke karanta rubutu da murya, TalkBack a Android, VoiceOver a iPhone. Amma manhaja ba ta karanta abin da ba a rubuta ba. In shafin gwamnati ya sa hoto ba bayani, ko maɓalli ba suna, ko ya ce sai an kwafi karkatattun haruffa kafin a wuce, to, makaho ya tsaya. Tilas ya miƙa wayarsa da lambar asirinsa ga wani. A gida ɗansa ko jikansa ne ɗan jagora. A baƙunta kuwa sai wanda Allah ya haɗa shi da shi. Haka abin yake ga kuturun da aka ce sai ya dangwala yatsa, da kurman da aka yi wa sanarwa da murya kaɗai.

Gyaran wannan hakki ne a wuyan hukuma. Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan hakkin naƙasassu cikin 2010, sashe na 9 kuwa ya ambaci intanet da sunanta. Cikin Janairu 2019 Shugaban Ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara hanyoyin shiga. Ƙa'idojin gina shafin da kowa zai iya amfani da shi, watau WCAG, suna nan tun 1999. Wanda aka wajabta wa gyara ƙofar siminti, ina dalilinsa na barin ta waya a kulle?

Saboda haka ya kamata sarakunan Hausawa na garuruwan nan su zauna da shugabannin makafi da guragu da kutare, a rubuta wa Hukumar Naƙasassu ta Ƙasa da aka kafa cikin 2020, a faɗi sunan kowane shafi da daidai wurin da ya gagara. Samari masu ilmi kuma su koya wa makafi kunna muryar waya, kada su karɓi lambar asirin kowa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah ya ba da ikon riƙon amana, amin.