Riga ta zauna, hannu ya ƙi

Jawabin da aka yi wa ɗaliban yaƙi da jahilci



Yau hirarmu a kan hannun riga take. Kada ku yi dariya, zancen kuɗi ne. Kaka ta yi, an saida wake da gujiya, an tafi kasuwa an sayo taguwa. Mutum ya komo gida ya sa. Ta zauna mishi a ƙirji, amma hannu ya rufe yatsu. Wani kuwa dogo ne siriri, hannun bai kai mishi wuyan hannu ba. Mai kaya kuma ya ce an gama ciniki.

Mine ne dalili? Masu ɗinka riguna da yawa awo guda suke bi: in ƙirji ya ƙaru, hannu ya ƙaru. Mu kuwa ba haka Allah ya yi mu ba. Babbar riga ba ruwanta da wannan, a naɗe ta a kafaɗa shi ke nan. Taguwa mai maɓalli da rigar sanyi su ne masu rigima.

To, kun iya karanta lamba yanzu. Ku ari metir na tela. Ka ɗan lanƙwasa gwiwar hannu, wani ya auna maka daga ƙashin kafaɗa zuwa ƙashin wuyan hannu. In ka miƙe hannu sak, awon zai gaza. A auna ƙirji, a auna faɗin kafaɗu. Ka rubuta ukun a takarda. In ba metir, igiya ta isa: ƙulli guda ga kowane awo. Mai saya wa mata ko ƴaƴa, shi ma ya tafi da igiyarsu.

A kasuwa, musamman wurin ƴan gwanjo, ku duba lambar wuyan riga. In kun ga 39 ko 41, awon wuya ne da santimetir, bai faɗi komi a kan hannu ba. Haruffan S, M, L kuwa ƙarami, matsakaici da babba ke nan. Ku shimfiɗa rigar ku auna da kanku.

Ku zaɓi wadda ta zauna a kafaɗa da ƙirji, don gyaran kafaɗa da wuya yake. Hannu in ya yi tsawo, tela zai rage. In ya gaza, ba ya ƙaruwa, sai a yanke a maida shi gajere. Mai dogon hannu, ni dai ina ganin gara ya sayi yadi. Amma ya wanke shi kafin a yanka, don auduga tana tsukewa in ta sha ruwa.

Masu aiki a injin niƙa, ku ji da kyau. Hannun riga mai lilo, bel yana iya kama shi ya ja hannun mutum ciki. Ku naɗe shi ko ku sa gajere.

Gobe kowa ya zo da igiya da alƙalami, mu auna juna.